Osumanu Giya na Bakin Gota

A unguwar Maamobi ta Ankara, in ka ce Osumanu Saaka kake nema, sai mutane su yi ta kallon juna. Ka ce Osumanu Giya kuwa, ko mai tallan lemo za ta nuna maka rumfarsa da baki, can bakin babbar gota, magudanar ruwan da ta raba Maamobi da Nima, ƙarƙashin wata darbejiya da tsofaffin tayoyin keke suka yi wa ado.

Ba da wannan suna ya zo Ankara ba. Ya sauko daga Savelugu a bayan motar doya, shekarar da ta biyo bayan yunwar tamanin da uku, yana ɗan saurayi siriri, ba shi da komai sai baƙin kekensa irin na mutanen arewa, mai birkin ƙarfe da giya ɗaya tal, wanda 'yan kudu ke yi wa ba'a suna kiransa Busanga Volvo. Da shi ya fara neman abinci. Yana ɗaure buhun albasa a kariya daga Kasuwar Malam Atta, ya kai wa masu dafa abinci a lungunan Nima. Keken da ke shan irin wannan wahala kullum cikin lalacewa yake, mai shi kuma ba shi da abin kai wa wani, sai ya koyi gyara da kansa. Daga nasa ya koma na maƙwabta, daga na maƙwabta ya wayi gari ya bar dakon albasa, ya kafa akwatin sifana a gindin darbejiya.

Baƙin keke ba shi da sirri. Sarƙa mai kauri, faranti mai haƙora ɗaya a gaba, ƙarami ɗaya a baya, boris da giris, shi ke nan. Osumanu yakan warware shi ya haɗa yana hira, ba ya ko duban hannunsa. Hausar da yake hirar da ita ma a nan Zango ya tsince ta, irin wadda ba ta san mace ba, kowa da komai "shi" ne.

Farkon shekarun casa'in sai tsofaffin kekunan Turai suka fara fitowa daga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema. Masu faɗin taya ne, masu launi kamar alawa, an ce a can na hawan dutse ne. Na farko da ya shigo hannun Osumanu na wani tela ne mai suna Falalu, wanda iyayensa suka zo daga Damagaram, mutum mai son gayu da Hausa mai daɗi a baki. Ya turo shi da rana tsaka, kore shar, sarƙa tana ja a ƙasa.

"Mai keke, tun da na saye shi yake zubar da sarƙa. Duba mini, zan dawo bayan la'asar."

Osumanu ya tsuguna ya ga abin da bai taɓa gani ba. Faranti uku a gaba, shida a baya, ga wani ƙarfe mai 'yan ƙafafu biyu yana lilo a gindin tayar baya, sarƙa ta bi ta cikinsa ta lanƙwashe. Ya juya feda, sarƙa ta faɗi. Ya mayar, ta sake faɗuwa. Sai ya yanke hukunci irin na wanda ya san sana'arsa: sarƙar ta yi tsawo, ƙarfen nan mai lilo kuwa shi ne makirin. Ya kwance shi ya jefa a gwangwani, ya rage sarƙa, ya ɗaure ta tamau a farantin tsakiya. Keke ya tafi sumul.

Falalu ya dawo, ya zagaya keke sau ɗaya, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Kai Badagombe, mene ne wannan?"

"Na gyara shi. Hau ka ji."

"Ina giyata?"

"Wannan ƙarfe? Shi ke kawo wahala. Sarƙa ma ya yi tsawo, na yanke shi."

"Innalillahi! Giya goma sha takwas na saya, ka mayar mini da ɗaya! In baƙin keke nake so, ban san hanyar kasuwar Zongo Lane ba ne? Wallahi yadda ka cire ta haka za ka mayar, ko mu kwana a gaban sarkin Zango."

Masu shayi da direbobin trotro, motocin haya na gari, suka taru suna dariya. Kunya ta kama Osumanu har cikin ƙashi. Washegari ya rataye keken da igiya a reshen darbejiya, ya zazzage gwangwani ya tsince gaɓoɓin sarƙar da ya cire, ya mayar da komai yadda ya same shi, ya zauna yana juya feda da hannu yana kallo. Bai karɓi aikin kowa ba sai faci. Sannu a hankali abin ya fara yi masa magana. Ɗan maɓallin da ke kan keke, wanda ake turawa da babban yatsa, waya yake ja. Wayar ita ke tura ƙarfen nan mai lilo, wanda ya raɗa wa suna ƙafar kaza, shi kuma ya ɗauke sarƙa daga wannan faranti ya ɗora ta a wancan. Akwai wasu 'yan kusoshi biyu ƙanana da ya ɗauka ado ne, ashe su ne masu gadi: ɗaya ya hana sarƙa faɗawa cikin wayoyin taya, ɗaya ya hana ta zubowa waje. Ainihin ciwon kuma ba tsawon sarƙa ba ne. Wurin da ƙafar kaza ke maƙale ne ya lanƙwashe, wataƙila tun a cikin kwantena. Ya sa sifana ya miƙe shi a hankali kamar mai ɗorin karaya.

Da Falalu ya hau, ya gangara har titi ya dawo yana tura maɓalli, sarƙa tana hawa tana sauka ba ko tari, sai ya sauka ya kama hannun Osumanu da baƙin mai da komai.

"Daga yau sunanka Osumanu Giya."

Sunan ya bi shi, kuma ya kusa hana shi aure. Akwai wata Fusena da ke taya uwarta sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titin Nima, wadda tun zamanin albasa yake kai musu kaya yana daɗewa a wurin ba dalili. Da magana ta kai gaban mahaifinta, wani dattijo mai ƙaramin masallaci a unguwa, ya tambaya wane ne yaron, aka ce ai Osumanu Giya ne. Tsoho ya ajiye carbi.

"Giya? Har ta zama sunansa? 'Yata ba ta rasa miji ba."

Falalu ne ya sa babbar riga ya tura koren kekensa har ƙofar gidan. Ya kifa shi a gaban tabarmar malam, ƙafafu sama, ya yi ta juya feda yana bayani.

"Allah gafarta Malam, wannan ita ce giyar. Ba ta kwalba ba ce. Ko ƙanshin waccan yaron nan bai sani ba, kullum sahun farko yake."

Malam ya sa tabarau ya leƙa, ya ce a sake, aka sake. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce rashin sani ya fi dare duhu, a turo manya.

Shekarun da suka biyo baya su ne Osumanu ke kira lokacin daɗi. Ya haɗa wa kansa keken dutse daga gawar kekuna uku. Falalu ya ce tunda an ce na hawan dutse ne, ai sai a kai su dutse su gani. Ran Lahadi bayan sallar asuba suka kama hanyar Madina, suka wuce Adenta lokacin duk daji ne da gonakin rogo, har Ayi Mensah inda hanya ke miƙewa tsaye zuwa Aburi. A nan Osumanu ya tura sarƙa kan ƙaramin farantin gaba, wanda a cikin gari bai taɓa ganin amfaninsa ba. Ƙafafunsa suka yi sauƙi kamar an sauke masa buhu. Keke yana tafiya a hankali kamar hawainiya, amma yana tafiya, bai tsaya ba. Ya tuna yadda yake tura baƙin kekensa da albasa a ɗan tudun Kanda yana haki, sai ya fashe da dariya shi kaɗai a tsakiyar hawa. A sama suka zauna bakin hanya suka sha ruwan kwakwa, hazo yana ratsa su, Ankara tana shimfiɗe a ƙasa har bakin teku.

Kafin shekara ta zagayo sun zama ayari. Mahauta, masu wanki, wani mai ɗaukar hoto, 'yan Nima da 'yan New Town, kowa da kekensa na kwantena, kowa kuma ran Asabar yana gindin darbejiya ana ɗaure masa waya. Osumanu yakan ce giyar wancan zamani da kunne ake sa ta. Maɓallin ba shi da mataki, kai ne za ka tura shi kaɗan-kaɗan kana saurare har sarƙa ta daina ƙara. Daga bayan ayari yana iya gane wanda bai iya ba.

"Abass, giyarka yana kuka! Ƙara kaɗan!"

Sai zamani ya fara juyawa, a cikin kwantena yake zuwa. Aka kawo maɓalli mai ƙas-ƙas, danna ɗaya giya ɗaya, ba ruwanka da kunne. Osumanu ya ce wannan na malalata ne, amma da ya ga ko wanda bai taɓa hawa ba yana sa giya daidai, sai ya koyi saita shi. Aka kawo wanda ake murɗawa a hannu kamar na babur. Farantan baya suka tashi daga shida zuwa bakwai, takwas, tara, kowane ƙari kuma sarƙa sai ta ƙara sirancewa, ta ƙara saurin cinyewa. Birki mai dogayen hannuwa ya kori tsohon mai wayar rataye. Ƙafar gaba ta sami sifirin, tana lotsawa a rami. Duk wannan ya karɓa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne gindin feda. A da kwance shi yake yi, ya wanke boris da kananzir, ya cika giris, ya ɗaure, ya sake shekaru. Sabon kuwa a rufe yake zuwa kamar gwangwanin kifi, ba ƙofa ba taga. In ya lalace sai a jefar a sa wani.

"Abin da ba a buɗe shi," yakan ce wa Fusena, "me zan gyara a ciki? Sun mayar da ni mai canji."

Amma ba kwantena ce ta watse ayarin Lahadi ba, babur ne. Okada ta cika gari, samarin Zango suka ga da babur ana samun na cefane, keke kuwa sai gumi. Hanyar Madina ta cika da motoci har mai keke ya rasa gefen da zai raɓa. Wannan ya tafi Libya, wancan gwiwa ta hana shi. Falalu ma ya yi ƙiba, ya je Makka ya dawo Alhaji, ya sayi babur. Wata rana Osumanu yana zaune sai ga masu sayen tsohon ƙarfe sun turo kurarsu, a saman tarkace ga koren keken nan, an riga an sare shi biyu. Ya tashi ya tafi shagon ɗinki ko hannu bai wanke ba.

"Alhaji, ka sayar da shi ga 'yan kondem?"

"To me zan yi da shi? Ya cika mini ɗaki, tsatsa ta ci shi."

"Ba ka iya kawo mini? Ni na mutu ne?"

"Haba Osumanu, ƙarfe ne fa."

Osumanu ya juya ya fita. Azumi ya kama a makon, kuma har aka kai ƙarshensa bai taka shagon ba, shi da kullum a can yake buɗe baki. Ranar Sallah da safe sai ga yaron shago da sabon kaftani a leda, ɗinkin Falalu, daidai jikinsa ba tare da an gwada shi ba. Fusena ta ajiye masa a kan gado.

"Baban Mulika, ka sa ka je ka gaishe shi. Mutum ya fi keke."

Ya sa, ya je. Ba wanda ya ta da maganar a cikinsu, suka ci tuwo suka yi hirar tsadar ragon Babbar Sallah mai zuwa.

Mulikatu, babbar 'yarsu, ta girma ta zama mai gyaran waya a kasuwar Circle, mace mai natsattsen hannu da ƙaramin sukundireba. Wata Asabar tana rumfar uban, ta kawo masa abinci, sai wata babbar mota ta tsaya. Muftahu ne, ɗan unguwa da ya yi karatu yake aikin banki, ya koma East Legon, unguwar masu kuɗi. Ya sauko da keke daga bayan mota da hannu ɗaya.

"Baba, birkin baya ya mutu. Na ce ba wanda zai taɓa mini shi sai kai."

Osumanu ya ɗaga keken ya ji kamar kwali. Tayoyi manya, sun fi duk wanda ya saba da su. Birkin ba ya kama gefen taya, wani faifan ƙarfe yake kamawa a tsakiya, kuma da ya bi wayar da yatsa sai ya ga ba waya ba ce, siririn tiyo ne mai mai a ciki. Ya duba baya, faranti goma sha biyu, babban cikinsu ya kai faifan tuwo. Ya duba gaba, ya sake dubawa.

"Ina sauran? An sace maka?"

"Haka ake yinsu yanzu, Baba. Ɗaya ne a gaba. Akwai ma wanda ba waya sam, batir ne ke sa giya."

Osumanu ya ƙare wa keken kallo. Sa'an nan ya miƙe ya goge hannu.

"Muftahu, ban san wannan birki ba. In na taɓa shi zan ɓata maka. Na taɓa yin haka sau ɗaya, ya ishe ni."

Mulikatu ce ta ce a bar keken zuwa gobe. Ta zauna a kan benci ta nemo bidiyon masu gyara a wayarta, ta kalla ta sake kalla, ta aika aka sayo sirinji a kemis, Muftahu ya kawo man birkin da aka haɗo shi da keken. Iska ce ta shiga tiyo, in ji ta, sai an tura mai daga ƙasa ya koro ta sama.

"Baba, riƙe nan. Matsa birki. Saki. A'a, a hankali, ba faci kake yi ba."

Yana riƙe, yana bin umarni, yana kallon 'yan kumfa suna fita ɗaya bayan ɗaya, har birki ya yi tauri a hannunsa. Da yamma ya wuce gidan Falalu, wanda ciwon sukari ya riga ya kwantar, ido ma ya fara yi masa hazo. Ya ba shi labari tun daga farko.

"Faranti ɗaya a gaba, Alhaji. Ɗaya! Kuma masu kuɗi ke hawa. Ni da na bar maka ɗaya ka ce za ka kai ni gaban sarki."

Falalu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai naka ɗaya ne gaba, ɗaya baya, ɓarna ce tsagwaronta. Kada ka sa kanka cikin Turawa."

Damina ba ta ƙare ba Allah ya yi wa Falalu rasuwa. Osumanu ya yi kwanaki bai buɗe rumfa ba, da ya buɗe kuma sai ya zama mai yawan shiru.

Muftahu ya gaya wa abokan hawansa, suka fara zuwa da kekunansu masu tsada. Mulikatu ta ga aikin ya fi na waya kwanciyar hankali, ta sa aka buga kwantena ƙarama kusa da darbejiya, ta sayi kayan aikin da uban bai san sunansu ba. Yanzu rumfar biyu ce. Ɓangarenta akwai tayil da fanka, na Osumanu kuwa yana nan yadda yake, da benci da gwangwanayen tsofaffin kaya da ya ƙi zubarwa. Masu gadi, masu tallan burodi da 'yan arewa sababbin zuwa har yanzu kekunan faranti uku suke hawa, kuma sun san in an rasa wani ƙarfe a duk Ankara, a gwangwanin Baba Giya za a same shi. In aikin mai ya zo yakan leƙa ɓangaren 'yarsa ya riƙe mata sirinji. Ya iya yanzu, amma ya ce ba ya jin daɗin abin da ba ya yi wa kunne magana.

A bara ne Fusena ta dawo daga asibiti da takardar magani da fuska a murtuke. Hawan jini ne, kuma likita ta ce zaman bakin tukunya ya isa, sai ta riƙa motsa jiki. Ta gwada tafiyar ƙafa ta ce gwiwa ba ta yarda ba. Wata safiya ta zo rumfa ta tsaya a kan mijin.

"Baban Mulika, haɗa mini keke."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ke? Mutane za su yi magana."

"Su yi. Shekara talatin ina wanke baƙin mai a rigunanka, ban taɓa sanin daɗin da ake ji a kai ba."

Mulikatu ta ce za ta samo wa uwar na zamani mara nauyi. Osumanu ya ce a'a, wannan aikinsa ne. Ya nemo ƙaramin firam mai saukakken ƙarfe wanda zane ba zai hana hawa ba, ya fesa masa shuɗin fenti, ya zazzage gwangwanayensa ya zaɓi abin da ya fi so a ciki: faranti uku, maɓallin babban yatsa, gindin feda mai boris da ya cika da giris da hannunsa. Ya sa faffaɗan sirdi.

Ran Lahadi da hantsi suka tura shi zuwa filin Kawokudi, gefen da 'yan ƙwallo ba su kai ba. Fusena ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta yi bisimilla ta hau. Ya sa mata giya mafi sauƙi, ya kama bayan sirdi.

"Kar ka sake ni."

"Ina riƙe. Duba gaba, bar kallon ƙafa."

Suka tafi tana karkata hagu da dama, tana salati, shi yana binta da ɗan gudun tsofaffi. Ta faɗi a kan yashi, ta tashi ta kaɗe riga ta zage shi da Dagbanci, harshensa na gida da ta koya don faɗa da shi kawai. Suka sake. A zagaye na gaba numfashinsa ya ƙare, hannunsa ya zame daga sirdi ba da niyya ba, ya tsaya dafe da gwiwa yana haki. Ita ba ta sani ba. Ta yi gaba abinta, tana ta faɗa wa wanda ba ya bayanta cewa ya riƙe da kyau, har ta kai ƙarshen fili inda wasu mata masu sayar da koko suka miƙe suna tafa mata. A nan ne ta waiwaya, ta hango shi can nesa, ta ƙwala ihu ta manta da birki, ta shige cikin tarin yashin masu gini a hankali.

Da ya iso tana zaune a ƙasa tana dariya, mayafi ya kwance.

"Munafuki. Ɗaga ni. Gobe ma za mu zo."